Domhuset na Kwapanhagan: ginin da gobara ta haifa, doka ta tsare

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Na je wani ɗan gajeren kwas a Kwapanhagan, babban birnin Danmak, na ga wani gini a dandalin Nytorv mai manyan ginshiƙai shida a gabansa. An ce mini kotu ce, kuma wai doka ta hana a canza ko taga ɗaya a jikinsa. Ni dai ban ga wani ado a jikinsa ba. Mene ne tarihinsa? Me ya kai salon Girkawa wannan ƙasa mai sanyi? Kuma me ake tsarewa a ginin da ba shi da ƙawa?

Amsa: Ɗan'uwa, ginin da ka gani shi ne Domhuset, mazaunin kotun birnin Kwapanhagan, kuma idonka bai yaudare ka ba, ba shi da ado. Da gangan aka yi shi haka, kuma wannan rashin adon shi ne ma ya sa dokar da ke kansa ta yi tsauri. Amma bari mu faro daga wuta, domin in ba don gobara ba, da babu wannan gini.

A ƙarshen ƙarni na 18 Kwapanhagan ta sha wuta sau biyu a jere. A watan Fabrairun 1794 fadar Christiansborg ta ƙone, iyalan sarki suka koma Amalienborg, inda gidan sarautar yake zaune har yau. Ba a gama jimamin wannan ba, sai ranar Juma'a 5 ga Yunin 1795 wata wutar ta tashi a Gammelholm, ma'ajiyar kayan jiragen ruwan yaƙi, inda katako da kwal suke jibge. Lokacin zafi ne, komai ya bushe, ga iska, ga lunguna matsattsu, ga gidaje da yawa masu ƙashin katako. Wutar ta ci har ranar 7 ga wata. Gidaje fiye da 900 suka tafi, mutum wajen 6,000 suka rasa matsuguni a birnin da jama'arsa ba su wuce 100,000 ba. Cocin Nikolaj ya ƙone. Gidan majalisar birni, wanda yake tsaye tsakanin dandalin Gammeltorv da na Nytorv, shi ma ya ƙone, kuma wannan ne karo na biyu, don wanda ya gabace shi a wurin gobarar 1728 ce ta cinye shi.

A wannan karon hukuma ta ce ba za a sake gini a tsakiyar dandalin ba. Aka bar wurin fili, dandali biyu suka haɗe suka zama ɗaya, don wuta ta rasa abin kamawa in ta sake zuwa. Shi ya sa in ka koma ka dubi ƙasa a tsakanin Gammeltorv da Nytorv za ka ga an shata iyakar tsohon ginin da duwatsun daɓe masu wani launi daban. Sabon gidan majalisar aka mai da shi gefen dandalin, a filin gidan marayu na sarki, Vajsenhuset, wanda shi ma ya ƙone a 1795.

Akwai wani abu da nake so ka lura da shi a titunan da ke kewaye da wurin, domin ɗalibin gini bai kamata ya wuce shi ba. Gidajen da ke kan kwana ba su da kusurwa mai tsini. An yanke ta, an yi ɗan bango a karkace, sau da yawa da taga ko ƙofa a jikinsa. Wannan doka ce ta bayan gobarar. Jørgen Henrich Rawert da Peter Meyn, jami'an birni da suka tsara sake ginin unguwannin da suka ƙone, sun faɗaɗa tituna, sun matsa a yi gini da jan bulo, sun kuma wajabta yanke kusurwoyin nan don keken 'yan kwana-kwana mai doguwar tsani ya iya karya kwana. Abin da aka yi don larura ya zama kamannin tsakiyar birnin. Cikin 'yan shekaru aka tayar da ɗaruruwan gidaje, kusan duk a salo ɗaya: fuska shafaffiya, tagogi a jere daidai wa daida, ado kaɗan.

Ina aka samo kuɗin wannan aiki? Nan akwai maganar da ta shafe mu. Shekarun nan lokacin bunƙasar fatauci ne ga Danmak. Manyan ƙasashen Turai suna yaƙi, ita kuwa ba ta ɗauki ɓangare ba, jiragenta suna ta dakon kaya suna cin riba. Wani ɓangare na arzikin attajiran Kwapanhagan daga sukari yake, wanda bayi 'yan Afirka suka noma a tsibiran St. Croix da St. Thomas da St. Jan, mallakar Danmak a lokacin, a yankin Karibiyan. Da yawa daga cikin bayin nan an fitar da su ne ta sansanonin Danmak a gaɓar Gana ta yau, babbansu kuwa shi ne wanda ke Osu a Akara, mai suna Christiansborg, sunan da fadar Kwapanhagan ma take amsawa. Hausawan zangon Akara sun san ginin. Danmak ta yi dokar hana safarar bayi ta teku a 1792, ta fara aiki a 1803, amma bautar kanta a tsibiran ba ta ƙare ba sai 1848, kuma sai 1850 ta sayar wa Birtaniya sansanoninta na gaɓar. Ina son waɗannan titunan ƙwarai, amma ba na yarda a ba da tarihinsu a tsallake wannan.

Yanzu salon. Abin da ake kira neokilasik koma wa tsarin ginin Girka da Rum na dā ne, bayan Turai ta ƙoshi da ado mai murɗe-murɗe na zamanin da ya gabata. Tonon tsofaffin garuruwan Rumawa da ke Italiya, Herculaneum daga 1738 da Pompeii daga 1748, ya sa masu zane suka ga ainihin gine-ginen da idonsu, suka auna su. A Danmak an kafa makarantar fasaha ta sarki a 1754, aka kuma kawo Bafaranshe Nicolas-Henri Jardin, wanda ya koyar da sabon salon. Almajirinsa Caspar Frederik Harsdorff ya gina wani gida a dandalin Kongens Nytorv wajen 1780, magina suka mai da shi abin kwaikwayo, kuma daga gare shi aka ɗebo yawancin fuskokin gidajen bayan gobara. To ka ga salon ya zo daidai da buƙata. Ba ya cin kuɗin masassaƙa, magini na unguwa zai iya koyon ƙa'idarsa, kuma jan bulo da shafe sun wadatar.

Harsdorff ya rasu a 1799, daidai lokacin da manyan ayyuka biyu suke jira, fadar sarki da gidan majalisar birni. Sai aka waiwayi almajirinsa, Christian Frederik Hansen. An haifi Hansen a Kwapanhagan a 1756, ya ci babbar lambar zinariya ta makarantar fasaha a 1779, ya je Italiya ya zauna a Rum yana zanawa yana aunawa, sannan daga 1784 ya zama babban mai kula da gine-ginen yankin Holstein, yana zaune a Altona. Yau Altona unguwa ce a Hambug ta Jamus, amma a lokacin tana ƙarƙashin sarkin Danmak. Shekara ashirin ya yi can yana gina wa attajirai gidaje, musamman a titin Palmaille. A 1804 ya dawo gida, kuma daga nan har tsufansa kusan babu wani babban ginin gwamnati da ke tashi a ƙasar ba da saninsa ba. Ya rasu a 1845.

An aza harsashin Domhuset a 1805. Da komai ya tafi daidai da ba zai ɗauki shekara goma ba. Amma a farkon Satumban 1807 rundunar Birtaniya, don tsoron kada jiragen yaƙin Danmak su faɗa hannun Napoliyon na Faransa, ta yi wa birnin luguden wuta daga 2 zuwa 5 ga wata, ta kuma tafi da jiragen gaba ɗaya. Hasumiyar babban coci, Vor Frue Kirke, wanda ke 'yan taku kaɗan daga Nytorv, ta kama da wuta ta faɗo. Danmak ta shiga yaƙi a ɓangaren Faransa, fataucin da ke ciyar da birnin ya tsaya cik, a Janairun 1813 kuɗin ƙasar ya karye, a 1814 kuma ta rasa Norway. Cikin wannan hali aka ci gaba da aza bulo, kaya suna wuyar samu, har aka buɗe ginin a 1815. Wannan ya kamata ya canza yadda kake kallonsa. An zana shi a zamanin wadata, an gama shi a zamanin da gwamnati ba ta da ko sisi, kuma duk da haka ba za ka ga alamar an rage masa wani abu ba, saboda tun farko darajarsa ba a kan kayan tsada aka ɗora ta ba.

Ka tsaya a tsakiyar dandalin ka dube shi sannu a hankali. Ginshiƙai shida ne na tsarin Ayoniya, masu kawuna nannaɗaɗɗu gefe da gefe, suna ɗauke da goshi mai kusurwa uku. Bayansu akwai rumfa mai zurfi, don haka ko a ranar da gari ya yi hazo, kuma ranakun hazo sun fi yawa a can, ginshiƙan suna fitowa fili saboda duhun da ke bayansu. Dama da hagu bango ne shimfiɗaɗɗe, tagogi kaɗan, kowace an ba ta sarari. Idon mutum ba shi da wurin zuwa sai tsakiya, sai matakala, sai ƙofa. Hansen ya fahimci cewa bango marar komai shi ke ba ginshiƙi nauyi. Da ya cika gefen da tagogi da zane-zane, da ginshiƙan sun zama ado kawai a cikin sauran ado. A kan ginshiƙan an rubuta jimla ɗaya da manyan baƙaƙe: MED LOV SKAL MAN LAND BYGGE, wato da doka ake gina ƙasa. Kalmomin buɗe dokar yankin Jylland ne, wadda Sarki Valdemar na Biyu ya bayar a Vordingborg a 1241, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Siffar ginin ta Girka da Rum ce, amma maganar da ke goshinsa ta gida ce, da harshen mutanen da ake yi wa shari'a a ciki.

Na fi son ka zaga ta gefe, ka shiga lungun Slutterigade, don ni a wurina nan ne gwanintar Hansen ta fi bayyana. Tun farko an gina wurin don aiki uku: majalisar birni, kotu, da gidan yari. Ginin gidan yarin na dā yana ɗaya gefen lungun, an haɗa shi da kotun da baka biyu da suka tsallaka titin ta sama, ta yadda gandiroba zai kawo wanda ake tuhuma gaban alƙali ba tare da ya taka ƙasar titi ba. Mutanen gari suna kiran mashigar gadar ajiyar zuciya, aron sunan wata gada ta birnin Venis. A nan babu ginshiƙi mai fara'a. Bangon ya yi kauri, an tsaga ƙasansa kamar manyan duwatsu, tagogi ƙanana da ƙarafa, lungun ya matse, haske ya ragu. A jikin gidan yarin an rubuta cewa don tsaron kowa da kowa aka yi shi. Hannu ɗaya ne ya zana gaban da bayan, da kayan aiki iri ɗaya, amma wanda ya tsaya a Nytorv yana jin an gayyace shi, wanda ya tsaya a Slutterigade kuwa ya san an yi masa kashedi. Dandalin da kansa ya daɗe yana wurin hukunci. A Nytorv turken bulala yake har wajen 1780, kuma an yi wa gurbinsa alama a daɓen dandalin.

Ranar da ginin ya fi shiga tarihin ƙasa ita ce 21 ga Maris 1848. Daga nan wakilan majalisar birni suka fito, dubban jama'a suka bi bayansu, aka yi tattaki zuwa Christiansborg don neman Sarki Frederik na Bakwai ya sauke ministocinsa ya yarda da tsarin mulki. Sarkin ya amsa musu cewa ministocin sun riga sun sauka. Ba a zubar da jini ba, mulkin sarki mai cikakken iko ya zo ƙarshe, aka sa hannu kan tsarin mulki ranar 5 ga Yunin 1849. Gine-ginen biyu, inda aka tashi da inda aka dosa, duk zanen Hansen ne.

To a nan ne amsar tambayarka ta uku take farawa. Kada ka ɗauka mutanen Danmak sun riƙa ganin darajar Hansen kullum. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an juya masa baya. Ana ganin aikinsa busasshe ne, mai sanyi, ƙarya ce ma, tunda bulo ne aka lulluɓe da shafe ana kwaikwayon dutse. Zamani ya koma son jan bulo a fili, da hasumiya, da ado. Fadar Christiansborg da ya gama a 1828 ta ƙone a 1884, kangonta ya tsaya shekara fiye da ashirin, daga baya aka rushe aka gina wata a wani salo dabam; cocin fadar ne ya tsira. Da birnin ya girma ya buƙaci sabon gidan majalisa, Martin Nyrop ya gina shi da jan bulo da doguwar hasumiya, aka buɗe a 1905, Domhuset ya rage wa kotu ita kaɗai. Wajen 1910 kuma Carl Jacobsen, attajirin kamfanin Carlsberg, wanda ya riga ya biya kuɗin sabuwar hasumiyar cocin Nikolaj, ya yi tayin ɗora wa Vor Frue Kirke dogon tsini irin na tsohon cocin da ya ƙone, a kan hasumiya mai kusurwa huɗu ta sabon cocin da Hansen ya zana, wanda aka gama a 1829. Niyyarsa alheri ce, kuɗin kuma nasa ne. Matasan masu zanen gini, Carl Petersen a gabansu, suka tashi tsaye suka ce a'a, kuma tsinin bai hau ba. Rigimar nan ce ta sa aka koma aka duba zanen Hansen da sabon ido, har aka samu zagaye na biyu na salon, wanda ya haifi gidan kayan tarihi na Faaborg da hedikwatar 'yan sandan Kwapanhagan da aka gama a 1924.

A cikin wannan yanayi aka yi dokar kare gine-gine ta farko a 1918. Ni a fahimtata darasin da suka ɗauka shi ne cewa mai son gyara ya fi mai son rushewa haɗari, domin shi yana zuwa da kuɗi da kyakkyawar niyya, kuma kowane zamani yana da yaƙinin cewa ɗanɗanonsa ne daidai.

Yadda dokar take aiki yau: ginin da aka kare ana ce masa fredet. Hukumar Slots- og Kulturstyrelsen, mai kula da fadoji da al'adu, ita ke riƙe da rajista, akwai kuma kwamitin ƙwararru, Det Særlige Bygningssyn, da ke ba da shawara kan abin da za a kare. Da farko sai gini ya shekara ɗari, kuma an kasa su aji biyu, A da B. Daga baya aka soke ajin, aka kuma sauko da shekarun zuwa hamsin. Duk ginin da ya girmi 1536 a kare yake kai tsaye. Kariyar ta haɗa ciki da waje. Gyara na yau da kullum, kamar sake fenti iri ɗaya, mai gini zai yi abinsa, amma duk abin da ya wuce haka, canza taga, fasa bango, sauya launi, ko liƙa allo a fuskar gini, sai da izini a rubuce. Daga 2010 zuwa 2016 hukuma ta bi gine-ginen da ke rajista ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta wa kowanne abubuwan da darajarsa ta rataya a kansu, don mai gini da ma'aikacin hukuma su san a kan me ake magana. Masu gidajen da aka kare suna samun sassaucin haraji saboda ɗawainiyar. Ban da wannan akwai mataki na ƙasa da shi, gine-ginen da suka cancanci adanawa, waɗanda ƙananan hukumomi ke kula da su, kuma wajen ginin kaɗai abin ya shafa.

Me ya sa taga ɗaya take da muhimmanci haka? Saboda gini mai yawan ado yana iya haɗiye kuskure. Ka cire fure ɗaya cikin ɗari, ba mai lura. Ginin Hansen ba shi da inda zai ɓoye komai. Abin da yake da shi ma'auni ne: tsawon taga a kan faɗinta, kaurin sandunan da suka raba gilashin, zurfin da tagar ta shige cikin bango, tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ka sa tagar roba mai kaurin firam, ka jawo ta gaba da ɗan yatsa biyu, inuwar da ke zana fuskar ginin ta ɓace, mai wucewa zai ji ginin ya mutu ko da bai san dalili ba. Haka shafen. Na asali da farar ƙasa da yashi ake yin sa, yana barin danshi ya fita. In aka maye shi da siminti, ruwa ya maƙale a cikin bulo, sanyin hunturu ya daskarar da shi, bango ya fara ɓarewa daga ciki. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa in an yi wa katangar ƙasa filastar siminti a Kano ko Zinder, yadda take kumbura ta zubo falle-falle bayan damina biyu, ya riga ya san wannan ciwo.

Doka ba ta hana wuta, wannan kam. A Yunin 1992 tartsatsin wasan wuta na wani biki ya kama rufin cocin fadar Christiansborg, ƙubbarsa ta rufta, aka shafe shekaru ana mai da shi yadda Hansen ya bar shi, aka sake buɗewa a 1997. A Afrilun 2024 tsohon ginin kasuwar hannun jari, Børsen, ya kama da wuta ana tsakiyar gyaransa. Abin da rajista da aune-aune da hotuna suke yi shi ne su sa a san abin da za a mayar.

Abin da ya fi taimakon Domhuset, a ganina, shi ne bai taɓa zama kango ko gidan kallo ba. Sama da shekara 200 ana shari'a a cikinsa, kuma ginin da ake shiga kullum ana ganin yoyonsa da wuri. Wannan yana da farashinsa. Kotun zamani tana buƙatar na'urar binciken masu shiga, hanyar keken guragu, wayoyin lantarki da na intanet, hanyar fita in gobara ta tashi, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya cikin lissafin 1805. Kowanne sai an zauna da hukuma an nemi inda za a bi da shi ba tare da an taɓa abin da ke ɗauke da darajar ginin ba. Ga ɗalibi irinka wannan shi ne wurin koyo, fiye da ginshiƙan. Zaman kotu a Danmak a buɗe yake ga jama'a in ba alƙali ya rufe ƙofa ba, don haka in ka koma ka je ranar aiki, ka bi layin bincike ka shiga zauren, ka riƙa neman inda aka bi da waya da bututu, da yadda aka haɗa sabuwar ƙofa da tsohon bango. Ka tafi da littafin zanenka da fensir, amma ka tambayi masu gadi kafin ka fito da waya don ɗaukar hoto, domin dokar kotu a kan hoto tana da tsauri.